Hancin Kawu Haruna

Duk wanda ya zauna a layinmu na Kudai, nan Makka, ya san Kawu Haruna ba ya gaisawa da mai mota sai ya fara gaisawa da motar. Kai kana miƙa masa hannu, shi ya riga ya zagaya ta bayanka, ya tattare jallabiya, ya durƙusa gefen taya yana jan hanci kamar mai duba ko miya ta lalace. Sai ya gama shinshinawa ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, sannan ya tuna da kai. "Af, Malam Sani, ashe kai ne! Ina kwana? Birkinka na baya yana kamawa." Shi ya sa samarin unguwa suka laƙaba masa Abu Hanci, kuma ku da kuke murmushi yanzu, na san da bakinku a ciki.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, Ruƙayya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kirana tun ina goye. Shekara da shekaru ya yi yana jan bas ɗin alhazai tsakanin Kudai da Mina, in aikin Hajji ya wuce kuma ya ɗebi fasinja zuwa Ɗa'ifa ko Madina a ƙaramar motarsa. Da ya ajiye tuƙin haya bai ajiye hancin ba. A wajensa ido fenti kawai yake gani, kunne kuma dillali yake saurare, hanci ne kaɗai ba a iya yi masa daɗin baki.

Kun tuna ranar da Alhaji Mamman mai shagon turare a Aziziyya ya sayo wata ƙatuwar mota daga Jidda? Ya kawo ta layinmu bayan la'asar, tana ta sheƙi, mutane sun kewaye ta ana ta ma sha Allah. Kawu ya fito daga masallaci, ko sallama bai gama ba ya buɗe ƙofar baya, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya cusa kai. Ya daɗe a ciki, mu dai ƙafafunsa kawai muke gani.

"Alhaji," ya ce da ya fito, "wannan ta iya iyo."

"Iyo kuma? Wane irin iyo, ya shekh?"

"Ta taɓa yi ai. Ambaliya ta sha ta har wuya, aka shanya ta, aka fesa mata turare, aka jira ka."

Ran Alhaji Mamman ya ɓaci. "Haba Haruna! Ni da nake sayar da turare za ka koya wa shinshina?"

"Kai ƙamshi ka sani," in ji Kawu, "ni wari."

Ba a daɗe ba gilasan motar suka fara sauka da kansu, in Alhaji ya danna hon sai fitila ta kama. Ya daina biyowa ta layinmu sai da ya sayar da ita.

Sai kuma maganar safa. Mu nan Makka hunturunmu, shita kamar yadda muke cewa, bai taka kara ya karya ba. 'Yan makonni ne na iska mai daɗi, ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, tituna su cika, kashegari rana ta dawo bakin aikinta. Amma Kawu shekara guda yake yi yana shirin waɗannan 'yan kwanakin. Cewa yake rana ke kashe roba, ruwa ya zo ya tona asiri. Saboda haka duk lokacin zafi waifar motarsa, abin share gilashin nan, a cikin tsohuwar safa take kwana, kowane hannu da tasa, don kada rana ta busar da robar. Matarsa Inna Hindatu ta gaji da cigiyar safa a gidan, kullum ta kwashe shanya sai ta tarar da wari ɗaya.

Wata shekara ruwan farko ya same su a hanya shi da Inna, ba shiri. Kawu ya kunna waifa, sai ga safa biyu, baƙa da ruwan ƙasa, suna kai da komo a gilashi kamar masu ɗaga wa mutane hannu. Yaran da ke motar gefe har da tafi.

"Malam, don Allah tsaya ka cire, mutane na kallonmu!"

"Bar su, Hindatu. Dama sun kwana biyu ba su ga wanki ba."

Duk wannan dariya muke sha, sai da abin ya zo kaina. Na gama karatun jinya na yi zaman gida har na fara haddace tsagar bangon ɗakinmu, sannan Allah ya kawo aiki a wani asibiti a Ɗa'ifa. Aka ce in fara da shigowar shita, in ranar ta zo ban bayyana ba za a ba na bayana. Lasisi ina da shi, don ina cikin waɗanda suka ruga koyon tuƙi da aka buɗe wa mata hanya. Wurin kwana ma na samu, in hau ranar Asabar in sauko ranar Alhamis. Abin da ya rage mota, da kuma Umma.

Umma tun rasuwar mahaifinmu komai tsoro yake ba ta, balle hanyar Hada ta zuwa Ɗa'ifa, wadda ke nannaɗe dutse tana hawa, ga hazo ga santsi in sanyi ya shigo. Ta ce motar haya kowane mako ba za ta yiwu ba, bin motar wasu kuma ba ta yarda ba. Da na matsa mata, sai ta gyara zama ta ce, "To, na ji. Amma ba za ki hau dutsen nan ba sai Yaya ya ce da bakinsa motar ta yi."

Wallahi da ta ce mini a'a kai tsaye da ya fi mini sauƙi. Kowa ya san Kawu bai taɓa cewa wata mota ta yi ba tun da aka haife shi. Kalmarsa ɗaya ce: "Da saura." Sabuwa fil daga kamfani, da leda a kujera, ya zagaya ta ya ce da saura. Har yau ina zargin Umma ta san abin da take yi.

Haka muka fara sintiri a haraj, kasuwar da ake cinikin motocin hannu, ni da Kawu da wani kwali da yake shimfiɗawa in zai kwanta ƙarƙashin mota. Dillalinmu Idi ne, mutumin kirki mai yawan rantsuwa, wanda ya tarbe mu ranar farko da fara'a, daga baya kuwa in ya hango mu sai ya fara neman inda zai ɓuya.

Ta farko ja ce, 'yar gwanin kyau, na riga na gan ni a ciki. Idi ya buɗe ƙofa, ƙamshin turaren wuta ya buge mu. Kawu ya ja da baya. "Wa za a aurar a ciki? Idi, mota mai yawan turare akwai abin da take ɓoyewa." Ya buɗe but, ya ciro safaya, sai ga busasshen taɓo da tsatsa a ramin. Ko kallona bai yi ba ya naɗe kwalinsa.

Ta biyu kafin a kunna ta ya ɗora tafin hannu a bonet, ya ji ɗumi. "Wa ya tashe ta kafin mu zo?" Idi ya fara wallahi tallahi. Kawu ya ce, "Kowa in ya karya kumallo yana da fara'a. Ni so nake in ga yadda take tashi daga barci. Gobe da safe za mu dawo, kada wanda ya taɓa makulli." Muka dawo, aka murza, ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da shuɗin hayaƙi. Kawu ya ce mata sannu, muka wuce.

Wata kuma tayoyinta da zane raɗau kamar sababbi, har na fara murna. Ya sa farce ya nuna mini ƙananan tsaga a gefe, ya nuna mini inda ake buga shekarar da aka yi taya. "A ƙasar nan, Uwata, taya ba ta jiran tafiya ta tsofar da ita, a tsaye ma rana na cinye ta. Wannan in ta taka ruwa a kan dutse, sai yadda Allah ya yi."

Kwanaki suna ta tafiya, asibiti suka kira suna tambaya ko ina nan a kan bakana. Ranar nan a hanyar komawa gida na kasa daurewa, hawaye suka zubo mini. Na ce, "Kawu, ka faɗa mini gaskiya, ko Umma ce ta haɗa baki da kai?"

Ya gangara gefen titi ya tsaya, abin da bai saba yi ba sai da dalili. Na ga maganar ta sosa masa rai. "Ni a haɗa baki da ni a kan mota? Ko uwar da ta haife ni, wadda kika ci sunanta, ba ta isa ba." Ya shafa sitiyari. "Ina so ki tafi, Uwata. Amma so nake ki riƙa dawowa."

Daga nan ban ƙara yi masa ƙorafi ba, ko da ya fito da abin da ya sa 'yan haraj suka tabbatar ya taɓu. Kun san yadda muke sayen mota a garin nan: a shiga, a kunna mukayyif, wato na'urar sanyi, in sanyi ya daki fuska a ce khalas, shi ke nan, a yi ciniki. Ba wanda ke tambayar hita, mai ɗumama cikin mota. Da yawa ma in bututunta ya fara yoyo, makaniki toshe shi yake yi, mai mota ya yi shekaru bai sani ba, don me zai yi da zafi a Makka? To Kawu duk motar da ta tsallake hancinsa, sai ya sa mu shiga ni da shi da Idi, da tsakar rana, a ɗage gilasai, ya murɗa hita har ƙarshe.

"Ya ammi, ka ji tsoron Allah!" in ji Idi. "Wa ke gwada hita a Makka?"

"Wanda zai hau Ɗa'ifa. Ku nan sanyi kuke saye. Ita inda za ta, sanyi kyauta ne, zafi za ta nema. In hazo ya rufe dutse, gilashi ya yi gumi ta ciki, da me za ta share shi? Da gefen mayafi, tana kan kwana?"

Mota bayan mota, hita shiru, sai iska mai ɗumin rana kawai. Wata ta kawo zafi, Kawu ya kai hanci bakin ramin iskar ya ce yana jin zaƙi-zaƙi kamar alewa, ruwan lagireto ne ke yoyo a ciki, a fita. Har muka zo kan wata da ke can ƙarshen layi, wadda ba wanda ya kula ta. Kalarta kalar kunun kanwa, ƙofar baya a lotse, rediyo babu. Idi ya ce ta wani dattijo ce mutumin kan dutse. Na roƙi Allah a zuciyata kada ta zama ita.

Kawu ya shinshina ta ciki da waje bai kushe ta ba. Ya kwanta a kwali ya daɗe, ya fito ya kakkaɓe jallabiya. Muka shiga, aka rufe, ya murɗa. Jim kaɗan sai wani zafi ya taso kamar an buɗe tanda. Gumi ya wanke mu, Idi ya fara salati. Kawu ya kai hanci, ya ja, ya sake ja, fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Zafi! Idi, ka ji zafi mai tsabta?"

Idi ya ɓalle ƙofa ya faɗa waje yana fifita da hula. "Na ji, wallahi na ji! Ku ɗauke ta, ni dai a sake ni!"

Na share fuska na ce, "Kawu, ta yi?"

"Da saura."

Sauran shi ne sababbin tayoyi huɗu, da takalman birki, da juyen baƙin mai, da batir, da sabuwar waifa wadda ya sa wa safa tun a gareji. Yana tsaye a kan makanikin har aka gama, yana yi mini karatu: in duba mai da ruwa da safe kafin in tashe ta, in duba iskar taya tana sanyi, in kunna hita ko da zafi ne lokaci-lokaci don kada ta manta aikinta. Da aka gama na sake tambaya. Ya ce, "Da saura. Ba mu gwada direba ba."

Ana saura kwana kaɗan in fara aiki muka hau Hada, ni a sitiyari, shi a gefe ya naɗe hannu. Muka hau lafiya lau. A sama muka tsaya a wani fili inda mutane ke kallon gari, birai sun cika wurin kamar kullum. Ga hadari ya haɗo, Kawu ya fita zai cire safa, sai wani ƙaton biri ya riga shi. Ya dira a bonet, ya zare ɗaya, ya haye katanga. Jama'a, ku zo ku ga dattijo da furfura yana bin biri yana "Ka ji tsoron Allah, ɓarawo!" Birin ya zauna can nesa, ya zura hannu cikin safar yana juya ta. Kawu ya dawo yana haki ya ce, "Ko ba komai ya san abu mai amfani, ya fi wasu mutanen layinmu."

Da muka juyo, hazo ya sauko, yayyafi ya fara, gilashi ya yi fari fat ta ciki. Na daina ganin hanya. Kawu bai ɗaga murya ba. "Hita, Uwata, ki mai da ita gilashi." Na murɗa, a hankali hanya ta fito. "Ƙaramar fitila, babbar hazo take haskawa. Ki ba na gabanki fili. Yanzu ki sauke giya. Hawa aikin inji ne, sauka aikin direba. Ki bar giya ta riƙe ki, birki ki taɓa ki saki. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga sama, a tsakiyar dutse birkin zai ce masa sai anjima." Haka muka riƙa saukowa, kwana bayan kwana.

A gindin dutse akwai wata rumfar mai shayi. Nan ya ce in tsaya. Ya fita, ya tattare jallabiya, ya bi tayoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana shinshina ko birki ya yi ƙauri. Ya dawo ya zauna ya ce mu je gida. Muka kama hanyar Kudai.

Mun tarar da Umma a kan sallaya da carbi, Inna Hindatu na gefenta. Umma ta ce, "Yaya, ya ake ciki?" Kawu ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar ba shi ake jira ba, ya ajiye kofi.

"Binta, motar ta yi. Direbar ma ta yi."

Umma ta rufe fuska da mayafi, ni ma na fashe da kuka. Inna Hindatu kuwa ta tafa hannu. "Ikon Allah! Tun ina yarinya nake dafa wa mutumin nan abinci, ban taɓa jin ya ce ya yi ba!"

Kawu ya dube ta ya ce, "Da saura."

Na fara aiki ranar da aka sa mini. Alhamis ta farko da na sauko ni kaɗai, ina kawowa gindin dutse sai na hango motarsa a rumfar mai shayi, da safarta. Na tsaya na ce, "Kawu, lafiya? Me ya kawo ka nan?" Ya ce, "Shayin nan ne, babu irinsa a Makka." Na kurɓa, wallahi ruwan zafi ne da sukari. Kafin in yi magana ya riga ya durƙusa gefen taya. Daga ranar kowace Alhamis yana nan, da sanyi da zafi. Wani lokaci ya miƙe ya ce, "Madalla." Wani lokaci kuma ya ɓata fuska: "Uwata, yau kin ƙona. Tunanin me kike yi a kan dutse?" Sannan ya shiga motarsa ya biyo ni a baya har ƙofar gida, yana tafiyar da ko mai keke zai wuce shi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, a tsakiyar zafi ne, da yawanku kun yi masa salla a Harami. Da kwanakin zaman makoki suka wuce na koma aiki. Alhamis na sauko, hannuna da kansa ya karkata sitiyari zuwa rumfar. Mai shayin ya fito, ya duba bayana, ya gane. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce, "Tun azahar yake zuwa ya zauna. Kofi ɗaya yake karɓa, kuma bai taɓa shanyewa ba, idonsa na kan dutse." Da na gaya wa Umma, sai ta ce ai tun ranar da ya ce motar ta yi ya ja ta gefe ya ce, "Ki bar ta ta tafi, ni zan riƙa karɓo miki ita."

Ranar nan na daɗe a tsaye a rumfar mai shayin, kewarsa ta cika mini ƙirji. Sannan na tattare abaya, na durƙusa gefen tayar gaba, na ja hanci, motoci na wucewa ana kallona. Na bi su duka huɗun yadda yake yi. Babu ƙauri ko kaɗan, kuma babu wanda zan gaya wa. Har yau haka nake yi duk Alhamis, yaran layinmu ma na ji sun fara neman sunan da za su laƙaba mini, su yi ta yi.

Allah ya jiƙan Kawu Haruna, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Hancin nan da ya ƙare kwanakinsa yana shaƙar ƙaurin birki don mu kai gida lafiya, ya Allah ka shaƙa masa ƙamshin Aljanna, ya shiga, ya ja numfashi, ya ce ta yi.